Rasuwar Bijli, Wadda Fiffikenta Bai Taɓa Tashi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri guda, ni Malik Karam Dad Awan na Talagang, mai motocin dakon kaya, nake sanar da dangi, da direbobi, da makanikai, da masu shayin bakin hanya daga nan har Karachi, rasuwar motata Bijli. Ta rasu ranar Lahadi da rana tsaka, a ƙofar gidan Chaudhry Riyasat, lulluɓe da furanni, a gaban jama'ar ƙauyuka biyu. Shekararta biyu da 'yan watanni a hannuna.

Na san wasu za su yi dariya. Su yi. Aji uku na yi a makaranta, na fita na kama wankin manyan motoci. Ban iya dogon rubutu ba. Mota na iya, kuma na san mutuwarta in na gani. Na tambayi limaminmu, ya ce ba a yi wa abin hannu salla. Na ce na sani, ba yau na musulunta ba. Ya ce amma duk abin da mutum ya rasa, babba ko ƙarami, yana iya cewa daga Allah muke, gare shi za mu koma. To na faɗa. Ina kuma faɗa.

Marigayiyar 'yar Italiya ce. Can aka ƙera ta, aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Karachi, ɗaya daga cikin motocina ta goyo ta har gida. Ranar da ta iso na yanka baƙin bunsuru na raba naman, kamar yadda nake yi wa kowace sabuwar mota. Ja ce, ja irin na barkonon da aka shanya a kan rufi. Tsayinta bai kai ƙuguna ba. Matata, uwar Tanwir, Allah ya jiƙanta, ta zagaya ta sau ɗaya ta tsaya.

"Malik," ta ce, "shekara hamsin ban ga ka rusuna wa kowa ba. Yau ka sayo abin da sai ka durƙusa kafin ka shiga."

Ita ta raɗa mata suna Bijli, wato walƙiya. Ta ce abu biyu ke biyo bayan walƙiya, ƙara da ɓarna, mu jira mu gani.

An yi ta tambayata me tsoho kamata zai yi da mota irin wannan. Ban amsa wa kowa ba. Yau zan amsa, sau ɗaya. Shekara arba'in na yi a bayan sitiyari. Motata ta farko, Morni, tana nan har yanzu, da zanen ɗawisu a ƙeyarta. Da ita nake hawa Dutsen Gishiri da kaya tan ashirin, a giya ta ɗaya, inji na kuka, ƙananan motoci na wuce ni kamar an dasa ni. Safe da yamma, rani da damina, ana wuce ni. Ban yi wa kowa hassada ba. Na dai ce a raina, wata rana ni ma sai na wuce wani. Shi ke nan. Ba don a gani na saye ta ba.

Yanzu halayenta, don a shaida.

Injinta a baya yake, dab da ƙeyar direba, ƙarƙashin gilashi, kana ganinsa kamar kayan ado a kanti. Silinda takwas, da turbo biyu masu hura masa iska. Ƙarfin doki ɗari bakwai. Waɗanda suka ƙera ta sun ce tana kai gudun ɗari kafin ka ƙirga uku, iyakarta kuma ta haura ɗari uku da ashirin. Ban gani da idona ba. Amma ban taɓa kama ta da ƙarya a wani abu ba, don haka na yarda.

Ba ta da sandar giya, ba ta da kuloci. Wasu 'yan filafilai biyu ne a bayan sitiyari, ka taɓa da yatsa ta canza kafin ka ƙifta. Ni da kafaɗata ta hagu ta lalace wajen kokawa da giyar Morni, ranar farko sai da na ji kamar a yi min kuka. Birkinta na gasasshen yumɓu ne, zafi ba ya gajiyar da shi. Jikinta ba ƙarfe ba ne duka. Wani baƙin zare ne aka saƙa aka daskarar, ya fi ƙarfe ƙarfi, bai kai shi nauyi ba.

Da za a ƙera ta, jikana Zohaib, mai kirana Dada ji, wato kaka, ya zauna yana faɗa min abubuwan da ake ƙara mata in mutum yana so. Na zaɓi maɓallin da ke ɗaga hancinta in za ta hau tudun titi, don na san ƙasarmu. Na zaɓi wanda ke buɗe mata maƙogwaro ta yi magana da muryarta ta gaskiya. Ya ce akwai lasifika goma sha biyu na kiɗa. Na ce a bar su. Mai inji irin wannan a bayansa me zai yi da rediyo?

Muryarta kuwa, wanda ya ji ya ji. In ka tashe ta da safe sai ta ce wam! Tattabarun unguwa su watse, karnuka su yi tsit. Daga nan ta sauko, gur-gur-gur, a hankali, kamar damisa mai tunani. In ka kashe ta, ta daɗe tana tik, tik, tik, tana hucewa. Nakan zauna a gefenta in saurara har ta gama.

A kan sitiyari akwai abin murɗawa mai matsayi uku. Na gari, na hanya, da na filin tsere. Na ukun ja ne. Ban taɓa murɗawa can ba. A bayanta kuma akwai fiffike, kwance lif da jikinta. Ba ya tashi sai ta wuce gudun ɗari da ashirin, sannan ya miƙe da kansa ya danne ta a ƙasa. Zohaib ya nuna min maɓallin da ke ɗaga shi a tsaye, don hoto.

"Dada ji, dubi, danna nan kawai za ka yi."

"Cire hannunka," na ce. "Abin da ba a yi gumi a kansa ba, ba a ɗaga shi. Ranar da ya tashi, hanya ce ta tashe shi."

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tana da tsirfa. Ba ta shan kowane fetur, sai wanda ake kawo mata a durum daga Rawalpindi. Ta tsani rami. Ta tsani jira. Ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ni ma ba ni da shi, shi ya sa muka fahimci juna. Kuma ba ta gaba take numfashi ba kamar sauran motoci. Ta kwiɓi take shaƙar iska, ta wasu manyan ramuka biyu bayan ƙofofi, ta fitar da zafin ta saman inji. A riƙe wannan. Zan dawo kansa.

Za a ce, shekara biyu, me ya hana ka taka ta? Ga abin da ya hana. Shekarar da ta zo aka farke titin da ya haɗa mu da babbar hanyar Islamabad, za a gyara. Aka bar shi a farke. Ramukansa tarakta ma sai ta yi addu'a. Bijli kuwa tsakaninta da ƙasa bai kai tafin hannu ba. Sai muka dinga zagaya filin kamfani, ni da ita, kamar ɗaurarru. Akwai ɗan guntun kwalta mai kyau daga bayan gari zuwa maƙabarta. Nan ne kawai take miƙe ƙafa.

Uwar Tanwir ta shiga sau ɗaya. Sai da jikokinta mata biyu suka saukar da ita cikin kujerar, tana zagina. Muka hau guntun kwaltar. Na taka. Allura ta kai tamanin. Ta riƙe mayafinta da hannu biyu, ta juyo ta dube ni.

"Iyakarta ke nan? Duk wannan ƙarar? Ƙara mana, Malik."

Kwalta ta ƙare. Na taka birki. Na ce mata in an gama titi zan kai ta har Islamabad ta sha shayi ta dawo kafin shayin gida ya huce. Ba a gama titin da ita ba. A wannan hunturun ta kwanta, kafin alkama ta nuna muka bi da ita ta guntun kwaltar nan, a kafaɗa. Tamanin ɗin nan shi ne gudu mafi girma da Bijli ta taɓa yi a rayuwarta. Na daɗe ban buɗe garejin ba.

Da aka gama titi, sai idona. Gefe da gefe ya fara duhu. Likita ya ce ba ya komawa baya, sai dai ya ci gaba. Babban ɗana Tanwir, wanda ke riƙe da kamfani yanzu, ya zo ya zauna a bakin gadona.

"Abba ji, likita ya ce ka daina tuƙi."

"Likitan ya taɓa saukowa Dutsen Gishiri da tan ashirin?"

"Bai taɓa ba. Amma ya leƙa cikin idonka."

"Gaba nake gani sarai. Hanya ai gaba take, ba gefe ba."

Yaron kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa, halin dangin uwarsa. Can ya ce, "To mu yi haka. Bikin Zohaib ya matso. Ka kai shi gidan amarya a cikin Bijli, kai da kanka. In an gama biki, ni zan zauna kusa da kai, mu hau babbar hanya, ka taka ta yadda ranka ke so, sau ɗaya. Daga nan ka ba ni makullai. Duka, Abba ji."

Na ce na yarda. Ban taɓa tashi daga magana ba.

Yanzu rashin lafiyar ajalinta. Gajeriya ce, ba ta yi jinya ba.

Amaryar jikar Chaudhry Riyasat ce. Su masu gonaki ne tun kakanni. Tun muna samari yake kiranmu 'yan wankin taya. A bikin babban jikansa, a karusa mai dawakai huɗu aka kawo ango, har yau yana ba da labarin. Don haka da mai ƙawata motar ango ya zo da safe da kwandunansa, na ce masa, "Ka rufe ta ruf. Kada Chaudhry ya ce Awan sun yi rowar fure." Ni na faɗa, kuma daidai na faɗa. Ba a kai ango gidan surukai a mota tsirara. Na tafi wajen wanzami da naɗin rawani.

Ba zan ambaci sunan mai furen ba. Yana da 'ya'ya, kuma ya yi aikinsa yadda ya gada. Ya ƙawata motocin ango sun fi gashin kansa, ya san ƙa'ida: ana barin gaban mota a buɗe don inji ya sha iska. Ya bar gaban Bijli a buɗe, tas. A gabanta ba komai sai akwatin ajiye jaka. Ramukan kwiɓinta kuwa, ya gan su kamar an yi su ne don a dasa fure. Ya cusa soso, ya soka dammunan furanni rawaya har suka cika. Saman inji ya shimfiɗa leda, ya manne da salatif, ya jera jajayen wardi da zaren ƙyalƙyali. Da na fito, jama'a sun kewaye ta, ana ta ɗaukar hoto. Na ga tulin launi. Na ji daɗi. Na durƙusa na shiga, Zohaib ya shiga gefe da rawaninsa da labulen fure a fuska.

Bayan girbin alkama ne. Kowa ya san zafin lokacin, kwalta ma laushi take yi. Har bakin ƙauyensu lafiya muka je, muna bin jerin motoci a hankali. Daga bakin ƙauye zuwa ƙofar Chaudhry bai kai mil ɗaya ba. Nan aka sauka, makaɗa suka shiga gaba. Wanda ya san rakiyar ango ya san sauran. Taku kaɗan, ganga ta tsaya, samari su yi rawa, a watsa kuɗi sama, yara su yi wawaso, a ƙara taku kaɗan. Mata a kan rufi suna zubo mana fure. Lungu matsattse, bango dama, bango hagu, mutane gaba, motoci baya. Motar da aka ƙera don ɗari uku, aka sa ta tafiyar tsohuwa mai sanda, rana na tsakiyar ka, hancinta a toshe.

Ta yi haƙuri. Ita da ba ta da shi, ta yi. Fankokinta suka tashi, fuuu, suka ƙi sauka. Sannan ta fara kira, ɗin, ɗin, ɗin. Ganga ta danne. Wata jar fitila ta kama a gabana. Ban iya karanta rubutun ba, ba kuma na buƙata. Hancina ya riga ya faɗa min. Direban da ya shekara arba'in ya san warin inji mai neman taimako.

Ustad Fazal Din, abokina, wanda muka yi shekaru muna karɓa-karɓar sitiyarin Morni, yana tafe a gefena da sandarsa. Ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malik, amaryarka fa haki take."

"Na ji."

"To kashe ta mana, samari su tura."

"A turo angon Awan ƙofar Chaudhry kamar amalanken albasa? Sai bayan raina."

"Kai dai wallahi kanka ya fi tayar Morni tauri, tsohon banza."

"Matsa, kada in taka maka ƙafar da ta rage."

A hannun dama akwai wani lungu da ke fita zuwa kwalta. Na gan shi. Ita ma ta gan shi, na rantse sai da sitiyari ya ja can. Da na karya na shiga, na ba ta mil biyu, iska ta fizge furannin nan, ta yi numfashi. Watakila ma fiffiken ya tashi. Amma ango ya juya baya a layin amarya, a gaban danginta, makaɗa na kallo? A ƙasarmu wannan ba ya gyaruwa. Yarinyar za ta tsufa ana nuna ta da baki. Na riƙe sitiyari na miƙe.

"Dada ji," in ji Zohaib ta cikin furanninsa, "bayana fa ƙuna yake."

"Ango ba ya ƙorafi. Gyara zamanka."

Muryarta ta canza. Gur-gur ɗin nan ya koma kar-kar-kar, kamar tsakuwa a gwangwani. Na ɗora hannu a kanta na ce, saura kaɗan, 'yar gari, saura kaɗan. Ta ji. Ta ja jiki, ta ja, har ƙofar da aka kafa rumfa. Ƙofarta ta ɗaga sama yadda ta saba, mutane suka ce kai! Zohaib ya fito, ya taka ƙasa da ƙafar dama, surukansa suka rataya masa fure. Sai da ta ga haka. Sannan ta yi tari sau biyu, kaf, kaf. Ta yi shiru.

Hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin wardin. Leda ta kama, zaren ƙyalƙyali ya kama. Tanwir da Fazal Din suka fizgo ni waje, rawanina ya faɗi. Na yi ihu a kawo yashi. Ba wanda ya ji. Samarin gidan Chaudhry, Allah ya saka musu, da niyyar alheri suka yi, suka ɗauko babban bahon sharbat, ruwan zaƙi mai ƙanƙara da aka tanadar wa baƙi, suka kwara mata a kan inji. Wutar ta mutu. Injin ya ce tas! Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ba ta yi tik, tik ba. Na jira. Ba ta yi ba.

Chaudhry Riyasat ya tako da sandarsa mai kan azurfa, ya dubi hayaƙin, ya dube ni.

"Malik sahib, dawakaina huɗu dai da ƙafafunsu suka koma gida."

"Dawakanka sau uku suka tsaya suna kashi a hanya, Chaudhry sahib, ina wurin. Tawa ba ta tsaya ba sai da ta sauke amana."

Ya sunkuya ya ɗauko rawanina ya kaɗe ya miƙo min. Na shaida masa wannan. An ɗaura aure. Na zauna na ci shinkafar biki har na ƙoshi, don kada a ce. An kawo amarya a motar Tanwir. Yarinyar kirki ce. Washegari ta zo gaishe ni, ta ga Bijli a ƙone, ta fashe da kuka. Na ce mata ba ruwanki, 'yata, je ki huta.

Makanike ya zo daga Lahore da na'urarsa. Ya ce inji ya tsage, wayoyi sun narke, sai an mayar da ita inda aka haife ta, shekara ɗaya in an yi sauri. Idona ba shi da shekara ɗaya. Tanwir ya ce zai nemo min wata ta haya, in na ga dama in zauna a gefe a tuƙa ni. Na ce ba a yi min hayar makoki. Ya ce, "Abba ji, ƙaddara ce. Maganar nan ta wuce. Kawo makullan." Na ce mota ce ta mutu, alkawari yana nan da ransa. Ka ce zan hau babbar hanya da Bijli sau ɗaya. Zan hau.

Ya kwashe makullan kamfani duka ya kulle a ofis. Ya manta na Morni a wuyana yake tun kafin a haife shi.

Tun ranar ban zauna ba. Daga ƙofar gida zuwa gareji, daga gareji zuwa ƙofar gida. A kawo shayi in bar shi ya huce. In ina cin abinci sai in ga ƙafata ta dama tana danna tabarma. Jiya bayan la'asar na ji wam, na fito da sauri ba takalmi, ashe ƙofar ƙarfe ce iska ta buga. Tattabaru sun dawo kan rufin gareji sun miƙe ƙafa, ba mai korarsu. Wannan ya fi komai ci min rai.

Marigayiyar ta bar ni, mai ita. Ta bar yayarta Morni, wadda ta girme ta da shekara arba'in da ɗoriya, ba ta kuma taɓa yi mata gori ba. Ta bar motocin kamfani, waɗanda suka yi dakon siminti da gyaɗa da gishiri har aka saye ta, ba su taɓa zama a inuwar da ta zauna ba. Ta bar durum biyu na fetur da ba mai iya sha a gidan nan. Ta bar rigarta ta yadi mai laushi, a ninke. Ta bar tayoyi huɗu da gashin sabunta bai gama gogewa a gefensu ba. Ta bar kujerar gefe, wadda mutum biyu kawai suka taɓa zama a kai. Tana da dangi a Italiya da Dubai. Ba a sanar da su ba, ba su san mu ba.

Fiffiken bai ƙone ba. Ya yi baƙi, amma yana nan, a kwance.

Masu zuwa ta'aziyya su kiyaye. Kada wanda ya ce min mota ce kawai. Kada wanda ya tambaye ni nawa na saye ta. Kada wanda ya tambaye ni me ya sa ban kashe ta a lungu ba, na riga na amsa a sama. Masu sayen tsofaffin ƙarafa na Rawalpindi, waɗanda suka fara bugo waya tun hayaƙi bai kwanta ba, kada su tako ƙofata, na saki kare. Mai furen, in yana so, ya zo. Ba zan ce masa komai ba. Amma kowa ya zo hannu sake. Wanda ya shigo min da fure, ko ƙwaya ɗaya, zai koma da shi a baki.

Ga yadda za a yi jana'iza.

Ranar Alhamis da safe, in rana ta fito sosai, lokacin da idona ya fi gani, za a wanke ta a filin kamfani. Ni da Fazal Din za mu wanke, mu kankare sauran ledar, mu zare soson daga kwiɓinta. Ba za ta tafi da hanci a toshe ba. Za a ɗora ta a bayan Morni, a cire allunan gefe, a ɗaure ta da sarƙa, fuskarta gaba. Ba tamfol. Ba riga. Abin murɗawar nan zan kai shi kan ja da hannuna.

Za mu bi ta guntun kwaltar maƙabarta, mu tsaya in yi wa uwar Tanwir addu'a. Daga nan sabon titi, mu hau babbar hanya a Balkasar, mu yi arewa zuwa Chakri. Ina da fili a can, a kan tudu, yana kallon hanya. An riga an zuba dandamalin siminti da rumfa. Nan za ta kwanta, tana ganin masu wucewa. Za a dafa shinkafa tukunya bakwai a raba wa direbobi da duk wanda ya tsaya, sadaka ga uwar Tanwir, da godiya ga Allah da ya fitar da jikana lafiya.

Ba makaɗa. Ba mai tafiya a ƙasa. Ba wanda zai shiga gabanmu. Mai son rakiya ya zo da mota mai lafiya, ya bi baya.

Ni zan tuƙa. Fazal Din zai zauna a bakin taga ya zama idona na gefe, bakinsa dama ba ya rufuwa. Akwai wurin mutum ɗaya a tsakiya. Na Tanwir ne, shi ya ce zai zauna kusa da ni. In ya zo, bismillah. In bai zo ba, ya same ni a Chakri. A can zan cire makullin Morni daga wuyana in sa masa a hannu, a gaban mutane, ba zan sake taɓa sitiyari ba har in mutu. A can. Ba a ƙofar gida ba, ba a Balkasar ba.

Na san fiffiken ba zai tashi ba. Kada wani mai tausayi ya ɗaga shi da hannu, zan gani, wannan a gaba yake. Morni tsohuwa ce. A ranar da take jin daɗi, ba kaya, iska na bayanta, tana kai casa'in. Na canza mata mai, na duba birki, na yi mata magana, ta yarda. Bijli za ta sha iskar babbar hanya a fuska, sau ɗaya. In Allah ya sa muka tarar da wata mai tan ashirin tana hawa da giya ta ɗaya, za mu wuce ta, in ɗaga wa direban hannu.

Tamanin muka yi aka ce in ƙara. Zan ƙara goma.

Malik Karam Dad Awan
Talagang